Muryar Falalu a Cikin Zannuwan Umma

Sallama gare ku, masu bina da addu'a da masu bina da tsaki, duk ina ganin saƙonninku. Wadda ta rubuto cewa 'yar GRA ba ta san wahala ba, na gode, Allah ya bar ki da saninki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sakinatu. Injiniyan lantarki na karanta. Ina son wani malamin lissafi na firamare, ɗan Kaura Goje, sunansa Falalu, wanda idan ya ajiye alli yake waƙar rap, wato abin da Gwaggo Tani, yayar Abbana, take kira gambarar zamani. Laifina ke nan gaba ɗaya, kuma har yau ban ba kowa haƙuri a kai ba.

A shekarun nan da kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi, kowa a layinmu ya canza mota, ya ƙara wa katanga tsawo. 'Yan'uwa suka ɗauka ni ma irin mijin da zan kawo ke nan, mai baƙin gilashi da direba. Sai na kawo mai tsohon babur da jakar littattafan yara. Abba bai yi faɗa ba. Da ma Alhaji Aƙilu ba ya faɗa. Na kai masa wayata har falo, na ce ya saurari waƙar kawai. Ya kara ta a kunnensa na dama, don na hagun ya yi nauyi, ya ɗan jima, sannan ya miƙo mini.

"Wannan mutum ne ko injin markaɗe?"

"Abba, bari in rubuta maka baitocin."

"A takarda kowa waliyyi ne. Abin da yake watsa wa duniya nake son ji." Ya gyara gilashinsa. "Ban ce yaron banza ne ba, ban ce na kirki ne ba. Ban ji shi ba. Mutumin da sana'arsa magana ce amma ba a gane me yake cewa, ina zan san ko roƙo yake ko zagi? Ranar da na ji shi kalma-kalma, ranar zan yi magana. Kafin nan kada ya tako mini gida."

Kun san tambayar da kowace mace ke jira uba ya yi wa saurayinta: waye babba a gidanku? Idan an yi ta, an buɗe ƙofa, manya za su zo. Ni tawa tambayar ta maƙale a bayan wata ƙazamar ƙara.

Sunan kakata aka sa mini, don haka tun ina zanen goyo Abba "Uwata" yake ce mini. Daga ranar nan na koma "ke". Ke, kawo ruwa. Ke, an yi baƙi. Yayyena maza da ke ƙasar waje suka riƙa kira ɗaya bayan ɗaya kamar sun raba aiki. A gidan biki wata ƙanwar Umma ta ce, da ƙarfi don a ji, an ɓata kuɗin makaranta. Na gyara ɗaurin ɗankwalina na gaishe ta har ƙasa. Ban daina tuƙa wa Abba tuwon shinkafarsa ba, ban daina wanke masa huluna ba, ban kuma daina son Falalu ba. In na shiga banɗaki na kunna famfo, wannan tsakanina da Allah ne.

Gaskiyar da ta fi ciwo ita ce Abba bai yi ƙarya ba. Ba a jin waƙar. Ɗakin Falalu siminti ne tsirara da rufin kwano, makirfonsa na hannu ne ya saya, maƙwabtansa kuma suna da injin markaɗe na gaske. Sau ɗaya ya je wani situdiyo, suka lulluɓe masa murya da na'ura har ya dawo kamar aljani mai mura. Tun daga nan ya rantse a gida zai yi. Yana ɗauka yana turo mini ta BlackBerry, ni kuma ina duba majinyaci daga nesa.

"Injiniya, kin ji na yau?"

"Na ji fanka. Na ji akuya. Kai ne ban ji ba."

"Na manna kiret ɗin ƙwai a bango gaba ɗaya fa."

"Wa ya ce maka yana aiki?"

"Kowa haka yake yi."

"Kowa kaji yake kiwo. Ba shi da kauri, amsa-kuwwa ratsa shi take yi. Abu mai laushi da nauyi ake so."

"Bargona ɗaya ne, Sakina. Shi ma ƙanena ke rufa da shi."

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Za mu samu hanya." Ban san wace hanya ba.

A lokacin Umma, wato Hajiya Hauwa, ta shekara biyu da rasuwa. Da aka yi rabon gado suturarta ta faɗo a kasona, amma Abba ya roƙe ni, roƙo fa, in bar su a durowarta kada a taɓa. Ko hanyar ɗakin ba ya bi. Labule da kafet da aka kwashe lokacin zaman makoki ba a mayar ba, gidan ya zama tayil da bango zalla, in ka ajiye cokali a kicin sai an ji a bene. Amma kaya ba su san makoki ba. Duk ƙarshen damina sai an fito da su sun sha iska, in ba haka ba fumfuna ta cinye su. Gwaggo Tani, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar, ita ke riƙe da makullin, kuma tana jiran ranar da Abba ba ya nan.

Wata ranar Asabar ya tafi ɗaurin aure Dutse, ya ce sai bayan la'asar. Sama ta ɗan haɗa hadari, don haka Gwaggo ta ce kada a shanya a waje. Idi maigadi ya ɗaura mana igiyoyi a garejin da motar Umma take kwana a da, ya koma bakin get. Muka riƙa jido kaya. Atamfofi, leshi masu nauyi, shadda, saƙi baƙi irin na dā, barguna biyu da ta sayo a Makka, mayafai kamar ba za su ƙare ba. Ƙamshin turaren wutarta ya tashi gaba ɗaya, irin haɗin da take aikowa a yi mata daga Maiduguri. Na tsaya riƙe da wata koriyar atamfa mai zanen ganye, wadda ta saka ranar da na karɓi digirina, na kasa ɗaga hannu.

"In kuka za ki yi, ki yi nesa da leshin," in ji Gwaggo. "Hawaye yana barin tabo."

Ita ma muryarta rawa take.

Muna cikin shanya a igiya ta uku na lura da wani abu. Da muka shigo, duk maganar da Gwaggo ta yi sai garejin ya maimaita mata. Yanzu ya yi shiru. Maganarta tana fitowa ta tsaya a inda ta faɗe ta, kusa, kamar a kunnena take yi. Na shiga tsakiyar zannuwan na tafa hannu. Tas, ba wutsiya. Na fita bakin ƙofa na tafa, ƙarar ta zagaya ta dawo. Na koma ciki na sake.

"Ke lafiyarki? Sauro kike kashewa?"

"Gwaggo," na ce, "ina son in roƙe ki wani abu."

Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna. Gwaggo ba ta yi boko ba amma ba a yi mata bayani sau biyu.

"A'a."

"Ban ma faɗa ba."

"Ɗan gambarar nan za ki kawo cikin kayan Hauwa. A'a. Ubanki ya ce kada ya tako gida."

"Gareji ba gida ba ne."

"Lauya kika karanta ko lantarki?"

Na durƙusa a gabanta a kan simintin. Ni da ba na roƙo. Na ce mata ban nemi ta so shi ba, ban nemi ta sa baki ba. Abba ya ce yana son ya ji, ni kuma na rasa wurin da za a ji, sai yau. Kayan nawa ne a shari'a, amma ba zan yi ba sai da izininta. Ta yi ta jan carbinta har na fara cire rai.

"Da uwarki na nan," ta ce a hankali, "da ita za ta riƙe masa abin maganar. Ba ta da kunya a kan abin da take so, irinki." Ta ja tsaki. "Ƙofa a buɗe. Ina zaune a nan. In na ji batsa ko ɗaya, da muciya zan raka shi."

Na tura wa Falalu saƙo. "Taho da kwamfuta da makirfo. Yanzu. Ka sa manyan kaya."

Ya iso cikin farar shadda da ta sha guga har ta gaji, hularsa zanna a karkace saboda iskar babur. Ya cire takalmi tun daga bakin garejin, ya tsuguna ya gaida Gwaggo. Da ya ɗaga kai ya ga abin da aka rataye, ya gane. Ya san labarin durowar.

"Sakina, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kada dai ka taɓa komai."

Na matso da igiyoyin suka zama ɗan ɗaki, barguna biyun a bayansa inda sauti ke dukan bango ya dawo cikin makirfo, leshi masu nauyi dama da hagu, saƙin a sama, darduma a ƙasa. Na kashe firizar da ke gurnani a lungu, na sa Idi ya kashe janareta. Zafi ya sauko mana nan take. Na ɗaure makirfon a jikin sandar mofa ta goge ƙasa, na soke ta cikin bokitin yashi. Sannan na shiga kicin na ɗauko rariyar tankaɗe, na yafa mata siririn gyalena, na ɗaure ta a gaban makirfon.

"Rariyata!" in ji Gwaggo. "Tuwo zai tuƙa?"

"Iskar bakinsa za ta tace. Duk 'ba' da 'fa' da ya faɗa bugun makirfon suke kamar ana dukan ƙofa."

Ya fara, ya cafke makirfon da hannu biyu ya manna baki yana ihu, yadda suke yi a dandali. Layin da ke kwamfutar ya yi ja wur.

"Tsaya. Saki. Cinye shi za ka yi?"

"Haka ake rap, Injiniya. Da ƙarfi."

"Haka ake fasa murya. Ja baya, tazarar tafin hannu daga rariyar. Na rage ƙarfin shigar sautin, ba sai ka yi ihu ba. Yi kamar kana gaya wa mutum ɗaya."

"Wane mutum?"

"Tsoho mai kunne ɗaya."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta ɗauke. Ya rufe ido. Ya sake farawa, ƙasa-ƙasa, kiɗan yana cikin hedifon ɗinsa shi kaɗai, mu muryar kawai muke ji.

*Ubana ya saƙa zanen da kuka ɗaura,*
*Aka rufe masaƙa ran da mai ya haura,*
*Bai miƙa hannu ba har ranar da ya ƙaura,*
*Ni ne amanar da ya bari, ni ne saura.*

Na san waƙar nan kamar sunana. Na san mahaifinsa ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, ya rasu da tarin auduga a ƙirji. Amma wallahi ban taɓa jin ta ba sai ranar. Har inda numfashinsa ke karyewa kafin "ƙaura" na ji. Muka sake ɗauka, muka sake, gumi ya jiƙa masa shaddar. A ɗauka ta ƙarshe wani ɗan sauti ya riƙa shigowa, ƙas, ƙas, ƙas. Na duba wayar makirfon, na duba sanda. Ashe carbin Gwaggo ne, tana ja daidai da kiɗan da ba ta ma ji.

"Gwaggo, carbinki yana shiga."

"To a fasa salati saboda gambara?" Amma ta dunƙule shi a hannu. Ta share ido da gefen mayafi ta ce zafi ne.

Na zauna na rage kiɗan ya koma bayan muryar, na yanke gurnanin ƙasa, ban ƙara mata kwalliyar komai ba. Ina cikin haka na ji ƙarar get. Da janareta na aiki da ba mu ji ba sai ya shigo. An ɗaura aure da wuri, hadari ya sa ba su tsaya walima ba.

Ba inda za a ɓoye babur. Ba inda za a ɓoye ƙamshin. Ina jin takunsa ya nufi ƙofar falo, ya tsaya, ya juyo. Abba ya bayyana a bakin garejin cikin babbar riga ruwan toka, sandarsa a hannu. Bai dubi Falalu da ya zube ƙasa ba. Bai dube ni ba. Koriyar atamfar yake kallo.

"Aƙilu," in ji Gwaggo, "ni na ba da izini. In faɗa ne, da ni za ka yi."

Na miƙe. "Ni na roƙe ta, Abba. Ka ce sai ka ji shi. Nan ne kaɗai wurin da ake ji."

"A cikin kayan uwarki." Muryarsa ba ta tashi ba. Da ma ta tashi, da ya fi mini sauƙi.

"E, Abba."

Ya tako a hankali. Ya ɗaga gefen leshin da bayan hannu ya shiga tsakiya, inda Falalu ya tsaya ɗazu. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ce, "Wane irin..." sai ya tsaya. Na ga lokacin da ya ji abin da na ji. Maganarsa ba ta dawo masa ba. Shekara biyu yana zaune a gidan da duk abin da ya faɗa bango ke jefo masa.

"Haka ɗakinta yake," ya ce, ba da kowa ba.

Na ɗauki hedifon ɗin na miƙa masa da hannu biyu. Na ɗauka zai ture. Ya cire hularsa ya ba ni, ya sa shi a kai a karkace, na gyara masa ɓangaren dama. Na danna.

Tsawon waƙar nan ido na zuba masa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sau ɗaya kawai leɓensa ya motsa, kamar yana maimaita wata kalma. Da ta ƙare ya ce, "Sake." Na sake. Da ta ƙare ya zare hedifon ɗin, ya rataye a kan sandar mofa.

"Ku ba ni wuri."

Muka fita, Gwaggo ta ja ƙofar garejin. Muka tsaya ƙarƙashin mangwaro, Falalu can gefe ba takalmi, don an rufe ƙofar da nasa a ciki. Aka fara yayyafi.

"Ƙyale shi," Gwaggo ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Tun ranar jana'iza yake neman inda zai yi kuka ba a ji shi ba. Gidan nan ko tari ka yi sai ya kai ƙararka."

Ni na san abin da Gwaggo ba ta sani ba. Zane amsa-kuwwa yake shanyewa, ba ya hana sauti fita. Kuma ga shi ya fara fitowa ta ƙasan ƙofar, siriri, irin sautin da ban taɓa ji daga bakin ubana ba. Na ga Falalu ya sunkuyar da kai. Na ga Idi daga bakin get ya juyo.

Wuni guda ina yaƙi da janaretan nan. Na zagaya baya da gudu, ruwa na dukana, na murɗa makullinsa da kaina. Ya yi tari, ya kama, ya cika gidan da ƙararsa mai albarka. Na tsaya a wurin na jingina da bango, ni ma na yi nawa, ba famfo.

Da na dawo an buɗe ƙofar. Abba na tsaye, idanunsa jajur, koriyar atamfar a ninke a kan hannunsa, ninkin da bai iya ba. A ɗaya hannun takalman Falalu ne, ya ajiye masa su a ƙasa. Ya yi magana, janareta ya cinye ta. Ya ɗaga murya.

"Uwata! Kashe abin nan, ina son in yi magana da yaron nan."

Ban san lokacin da na isa ba, ban san lokacin da na dawo ba. Gidan ya yi tsit, sai yayyafi a kan ganye. Falalu na tsugune, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"A baiti na uku ka haɗiye kalma ɗaya," in ji Abba. "Ka gyara. Sauran na ji."

"To, ranka ya daɗe."

"Kuma ban ce na ba ka ba. Na ce na ji ka."

"Na gode, Abba."

Abba ya gyara atamfar a hannunsa, ya dube shi sosai, karo na farko.

"Waye babba a gidanku?"